Mece ce "na'urar ceto" da ake ta ambata a rediyo?

Tun ranar 16 ga Satumba, 2025, da hotunan gobarar ginin Afriland Towers na titin Broad a Legas suka karaɗe wayoyin jama'a, aka ga ma'aikata cikin kayan ofis suna fitowa ta taga, wasu na laluben tsani da ƙafa, wasu na sakin jiki ƙasa, sai wata kalma ta shiga bakin mutane ta zauna daram: "na'urar ceto". Mutum 10 ne suka rasu a wannan gobara, a ginin da bai ma kai hawa goma ba. Daga lokacin, da wuya a yi shirin kiran waya kan gobara a gidajen rediyon Kaduna ba a ji wani ya ce a tilasta wa masu benaye su sa na'urar ceto ba. Mai gabatarwa ya amsa da "ƙwarai kuwa", baƙon shiri ya ce ai tuni an tanada, a wuce zuwa kira na gaba.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, in ka tsayar da su ukun nan ka tambayi kowa abin da yake nufi, amsa uku za ka samu. Mai kira yana nufin igiya. Mai gabatarwa yana tunanin katifar iskar nan da ake faɗawa a kanta. Baƙon kuwa, in ka bi diddigi, jar tukunyar kashe wuta yake nufi, wadda ake ratayewa a bango kusa da ƙofa. Kowa ya tashi da zaton an yi magana ɗaya, alhali ba a taɓo ainihin abin ba.

Tukunyar kashe wuta dai a cire ta daga lissafi tun yanzu. Aikinta kashe ƙaramar wuta kafin ta girma, ba ta taɓa sauko da kowa daga hawa na shida ba. Lifta ma a cire ta. Da zarar wuta ta kama wayoyin gini lantarki ke ɗaukewa, lifta ta tsaya tsakanin hawa da hawa, ramin da take bi kuma ya zama hanyar da hayaƙi ke hawa sama. Akwai liftar da ake ginawa musamman don 'yan kwana-kwana, mai wutarta daban da bangon da ke jure zafi, amma wannan wani babi ne.

Abin da masu sana'ar ke nufi idan suna maganar saukar da mutum daga dogon bene, wani ɗan inji ne da za ka iya ɗauka a hannu, mai ƙugiya a sama, igiya ta ratsa ta cikinsa, kowane bakin igiyar kuma da ɗamara. A Japan, inda dokar kashe gobara ta san da zamansa, ana kiran sa kankoki, a Koriya ta Kudu kuma wanganggi. Sunayen biyu ma'anarsu ɗaya: injin sauka a hankali. Ina ganin sun fi mu dacewa da suna, domin duk hikimar abin tana cikin "a hankali" ɗin nan. Kalmar "ceto" tana sa mutum ya zauna yana jiran wani ya zo ya cece shi. Wannan injin kuwa kai ne za ka ɗaura, kai ne za ka fita ta taga, shi kuma aikinsa ɗaya tak, ya hana ka gudu.

Ga yadda yake yin hakan. Igiyar tana zagaye wata ƙaramar taya mai tsagi a cikin injin. Idan nauyin mutum ya ja igiya, tayar ta juya, giyoyin da ke haɗe da ita su ninka saurin juyin, su juya wasu ƙarafa masu fuskar birki. Gwargwadon saurin juyi, gwargwadon yadda ƙarafan ke buɗewa su danne jikin gangar da ke kewaye da su. Duk bakaniken da ya taɓa buɗe kulocin babur roba-roba ya san wannan dabara, sai dai a nan birki take yi. Sakamakon shi ne, ƙato mai kilo 100 zai ja da ƙarfi, birki ya kama da ƙarfi. Yarinya mai kilo 30 za ta ja a sanyaye, birki ya kama a sanyaye. Saurin saukarsu ba zai yi nisa da juna ba. Babu lantarki, babu batir, babu abin da mai sauka zai danna ko ya saki. Wannan na ƙarshen shi ne ya fi burge ni, domin wanda hayaƙi ya cika wa ido, zuciyarsa ke dukan uku-uku, ba a dogara da hannunsa.

Ƙa'idar Turai ta ce irin wannan inji ya riƙe sauri tsakanin rabin mita zuwa mita 2 a daƙiƙa. A Japan iyakar ita ce mita ɗaya da rabi. Don a gane bambancin, wanda ya faɗo daga tsayin mita 15, wato kusan hawa na biyar, yana isa ƙasa da gudun da ya haura kilomita 60 a sa'a. Wanda ya sauko da mita 2 a daƙiƙa kuwa, dirar da zai yi daidai take da ta wanda ya diro daga tsayin santimita 20. Tazarar da ke tsakanin waɗannan lambobi biyu ita ce duk abin da ake saye idan an sayi injin.

Shi ya sa raina ke ɓaci idan na ji an ce "ai igiya ce kawai, a sayo a kasuwa a ajiye". Igiyar wannan inji cikinta wayar ƙarfe ce, an saƙa zare a bayanta. Igiyar leda da ake ɗaure kaya a mota kuwa narkewa take da ta ji zafi, tana zame wa hannu mai gumi, tana kuma sale tafin hannu tun kafin a yi mita uku. Mutane nawa ne a cikin ofis za su iya riƙe nauyin jikinsu da hannu biyu na rabin minti? Ka tuna da mai juna biyu, da dattijon da ke jiran fansho, da mai ƙiba, da wanda ya riga ya shaƙi hayaƙi kansa na juyawa. Faɗa wa irin waɗannan su sauka da igiya zalla, tura su ne ga halaka da sunan taimako.

Amfani da shi ma yana da ƙa'ida, kuma a Koriya ana koya wa jama'a ita, har da 'yan makaranta. A maƙala ƙugiya a jikin ƙarfen da aka kafa, a murɗa makullinta ta rufe. A jefa naɗin igiyar waje bayan an duba babu kowa a ƙasa. A zura ɗamara ta kai, ta zauna ƙarƙashin hammata, a tsuke ta a ƙirji. A fita ana fuskantar bango, ana tura jiki da tafin hannu don kada a bugi taga ko akwatin na'urar sanyaya ɗaki. Babban abin da ake gargaɗi a kai shi ne ɗaga hannu sama, domin da ka ɗaga, ɗamarar na iya suɓucewa ta kai. Yayin da mutum ke sauka, ɗaya ɗamarar tana hawowa, na biye ya karɓa. Akwai kuma ƙaramin samfuri da ake sawa a ɗakunan otal wanda mutum ɗaya kawai yake sauke wa, ba ya dawowa. Wanda bai san bambancinsu ba zai tsaya yana jiran ɗamarar da ba za ta zo ba.

Katifar iska fa? Tana da amfaninta a hannun ƙwararru, amma tana da iyaka ƙwarai, kuma labarinta ba daɗi. Ranar 22 ga Agusta, 2024, gobara ta tashi a wani otal a birnin Bucheon na Koriya ta Kudu, mutum 7 suka mutu. Biyu daga cikinsu kan katifar iska suka yi tsalle. Ta farko ta faɗa a gefe, katifar ta kife, na biyun ya biyo baya cikin 'yan daƙiƙu ya tarar da ƙasa. Tun kafin katifa, raga ake amfani da ita, maza su riƙe ta a zagaye. A gobarar masana'antar ɗinki ta Triangle a New York, ranar 25 ga Maris, 1911, wuta ta kama hawa na 8 zuwa na 10, tsanin 'yan kwana-kwana ya tsaya a hawa na 6, ragar ta yage saboda nauyin masu faɗowa, mutum 146 suka mutu, akasarinsu 'yan mata. Har yau tsanin mota da aka fi samu bai wuce mita 30 da ɗoriya ba, wato wajen hawa tara ko goma, shi ma sai in motar ta samu wurin tsayawa. Wanda ya san cunkoson titin Ahmadu Bello na Kaduna da rana tsaka, ko lungunan da ke kewaye da Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi, ya san samun wurin tsayawar nan ba ƙaramin aiki ba ne.

To, tunda na yabi injin haka, me zai hana in bi sahun masu cewa a sa shi a kowane bene a huta? Saboda "a huta" ɗin nan ita ce haɗarin. Ƙasashen da suka fi kowa amfani da shi ba su ɗauke shi a matsayin hanyar fita ba. A Japan da Koriya ana sa shi ne har zuwa hawa na 10, kuma ƙari ne a kan matakala, na wanda hayaƙi ya tare wa hanya. Yi lissafi da kanka. Mutum ɗaya yake ɗauka a lokaci guda. Ka ba kowa minti ɗaya na ɗaura ɗamara, da fita taga, da sauka, da kwancewa, wanda ma kyautata zato ne ga mutanen da ba su taɓa gwadawa ba. Ofis mai mutum 60 sai ya ci sa'a guda. Hayaƙin katifar soso da roba da wayar lantarki kuwa, mai ɗauke da iskar guba, cikin 'yan mintuna yake sumar da mutum. A yawancin gobarar gine-gine hayaƙi ne ke kisa kafin harshen wuta ya iso. A Afriland ma daga ɗakin inbata na ƙarƙashin ƙasa wutar ta tashi, hayaƙin ne ya hau sama ya rutsa da mutane.

Matakala mai kyau tana sauke gomman mutane a minti ɗaya. Abin da ya kamata ya cika bakinmu kenan: matakala ta biyu a ɗaya ɓangaren gini, mai ƙofar da ke rufe kanta ta tare hayaƙi, mai fitilar da ke kamawa idan an ɗauke wuta, wadda ba a mayar da ita sito ba, ba a kuma sa mata kwaɗo ba. Ginin Grenfell na Landan, mai hawa 24, matakala ɗaya gare shi lokacin da ya kama da wuta ranar 14 ga Yuni, 2017, mutum 72 suka mutu. Daga baya gwamnatin Ingila ta yanke cewa sababbin gidajen zama da suka haura mita 18 sai da matakala biyu. Tsorona shi ne wannan kalma ta "na'urar ceto" ta zame wa masu gini mafaka. Matakala ta biyu tana cinye filin da zai yi shago ko ofis a kowane hawa, injin kuwa kwali ɗaya ne a rataye a bango a ɗauki hoto. Idan aka bar wa mai neman kuɗin haya zaɓi, an san wanda zai ɗauka.

Akwai kuma abu biyu da suka shafe mu a nan Kaduna waɗanda ban taɓa jin an ambata a irin waɗannan shirye-shirye ba. Na farko, ina za a maƙala injin? Ƙarfen da ke riƙe shi dole ya ɗauki nauyin mutum har da fizgar da ake yi lokacin fita taga. Bangonmu bulo ne mai rami a ciki, wani ma siminti bai ishe shi ba, kana goga yatsa yana zuba. Ƙusar da aka kafa a irin wannan bulo za ta riƙe hoton bango, amma ba za ta riƙe mutum ba. Sai an nemi ginshiƙi ko kankaren da ke da rodi a ciki, injiniya ya duba, a kafa, a gwada da nauyi, a riƙa dawowa ana duba tsatsa da ƙurar hunturu da ke shiga cikin giyoyi. Wannan aiki ne da ya kamata hukumar tsara birane ta jihar Kaduna, wato KASUPDA, da hukumar kashe gobara ta jiha su gani a kan takardar zanen gini tun kafin a ba da izini, musamman yanzu da sababbin filaza da otal-otal da ɗakunan kwanan ɗalibai masu hawa uku da huɗu ke ta tashi daga Kawo har Barnawa.

Na biyun ya fi tayar mini da hankali. Ka ɗaga kai ka dubi tagogin benayenmu: kusan kowace an yi mata waldar ƙarfe saboda ɓarayi, har hawa na huɗu inda ɓarawo ba zai kai ba. Ban ga laifin mai tsoron sata ba, halin da ake ciki ne ya kawo haka. Amma injin sauka, da tsanin 'yan kwana-kwana, da katifar iska, dukkansu ta taga suke aiki. Taga mai walda ta rufe su gaba ɗaya. Maganin kuma yana hannun kowane mai walda a Panteka: a kowane hawa a ware aƙalla taga ɗaya a yi wa ƙarfenta hinji da sakata da ke buɗewa daga ciki, a tabbatar duk wanda ke zaune ko aiki a wurin ya san wace taga ce, kuma in da makulli, a rataye shi a jikin bango kusa da ita, ba a aljihun maigadin da ya tafi cin abinci ba.