Mahayan Diragon na Pern: me ya sa masu karatu suka kasa rabuwa da waɗannan littattafai?

A watan Oktoba na 1967 mujallar Analog ta Amurka, mai buga ƙagaggun labaran kimiyya, ta buga wani labari a kan wata duniya mai suna Pern, inda mutane ke hawan diragon don kare gonakinsu daga wani bala'i da ke zubowa daga sama. Labarin ya yi ta tsawo har ya zama jerin littattafai sama da 20, kuma akwai waɗanda suka fara karanta shi suna yara, yau ga shi suna saya wa jikokinsu.

Wace ce ta rubuta su?

Sunanta Anne McCaffrey. An haife ta a 1926 a Cambridge ta jihar Massachusetts, ta koma ƙasar Ailan da zama a 1970, a can kuma ta rasu a watan Nuwamba na 2011 tana da shekara 85. Labarinta na farko a kan Pern ya ci kyautar Hugo, ɗaya daga cikin manyan kyaututtukan ƙagaggun labaran kimiyya, a 1968, ta zama mace ta farko da ta sami wannan kyauta da ƙagaggen labari. Na biyun ya ci kyautar Nebula. Su biyun aka haɗa suka zama littafin Dragonflight a 1968. Dragonquest ya biyo baya a 1971, sai The White Dragon a 1978, wanda ya shiga sahun littattafan da suka fi kasuwa a jaridar New York Times, abin da a wancan zamani da wuya irin wannan adabi ya samu.

Wanda ya san rayuwarta zai ga abu biyu sun tsiyaya cikin rubutun. Ta yi shekaru tana koyon waƙa kafin ta rungumi alƙalami, kuma mai son dawaki ce har ta yi bargarta a Ailan.

Shi wannan diragon, shi ne dodon tatsuniyarmu?

A siffa kawai suka ɗan yi kama. Diragon a labaran Turai ƙaton halitta ne mai kama da ƙadangare, yana da fuka-fukai, yana aman wuta, kuma yawanci abokin gaba ne da jarumi zai kashe, kamar yadda Bayajidda ya kashe macijin rijiyar Kusugu mutanen Daura suka sami ruwa. McCaffrey ta juya lamarin gaba ɗaya. Diragon ɗinta shi ne mai tsaron gari, shi ne amini.

Kala biyar ne: zinariya, tagulla, ruwan ƙasa, shuɗi da kore. Zinariya da kore mata ne, kuma zinariyar ce sarauniya mai yin ƙwai. Suna tauna wani dutse ne kafin su iya aman wuta. Suna kuma iya ɓacewa daga wuri su bayyana a wani, ta hanyar ratsa wani duhu mai tsananin sanyi da ake kira tsakani, wanda bai wuce tsawon tari uku ba.

Da wa suke yaƙi?

Ba da mutum ba, kuma wannan na daga cikin abubuwan da na fi so a labarin. Akwai wani Jan Tauraro da ke kusantar Pern bayan kowace shekara 200 ko makamancin haka. Idan ya kusato, sai a yi shekara 50 wani abu mai kama da zaren azurfa yana zubowa daga sama. Wannan Zare yana cinye duk abin da ke da rai, ko shuka ko dabba ko mutum, amma ba ya ratsa dutse da ƙarfe, kuma wuta na kashe shi, ruwa na nutsar da shi. Wanda ya taɓa jin dattawa na ba da labarin farar dango zai gane irin tsoron. Ba a sulhu da shi, ba shi da sarkin da za a kama. Dole dai a tashi sama a ƙone shi kafin ya taɓa ƙasa.

Saboda haka al'ummar Pern ta kasu uku. Akwai garuruwan da aka sassaƙa cikin dutse ƙarƙashin sarakunansu, akwai zaurukan sana'a na maƙera da masaƙa da masu magani da makaɗa, sannan akwai sansanonin mahaya, waɗanda ake kira Weyr, a cikin ramukan tsofaffin duwatsu masu aman wuta. Manoma ne ke ciyar da mahaya da kason amfanin gona. Littafin farko ya buɗe ne bayan an yi shekara 400 Zare bai zubo ba, mutane sun fara cewa ƙarya ce ta mutanen da, sun gaji da ciyar da mahayan da ba sa ganin aikinsu, kuma sansani ɗaya tak ya rage cikin shida.

To mene ne ainihin abin da ya kama zukatan masu karatu?

Ranar ƙyanƙyasa. Duk wanda ka tambaya cikin masoyan Pern, da wuya ya yi nisa da magana bai iso nan ba.

Idan ƙwai suka nuna, sai a tara yara da matasa sanye da fararen kaya a kan yashi mai zafi. Ƙwai ya fashe, ɗan diragon ya fito jiƙe yana tangaɗi da yunwa, yana duba fuskoki. Idan idonsa ya faɗa kan nasa, shi ke nan jini ya haɗu. Yaron zai ji murya a cikin zuciyarsa tana gaya masa sunanta, kuma daga wannan lokaci har mutuwa ba zai sake zama shi kaɗai ba. Diragon ya san tunaninsa, ya san tsoronsa da aibinsa, kuma yana ƙaunarsa a haka. Ba a sayen wannan zaɓi da dukiya, ba a gadonsa. Ɗan sarki na iya tsayawa a wuce shi a zaɓi ɗan masunci.

Lessa, tauraruwar littafin farko, tana da shekara 11 aka karkashe danginta a garin Ruatha. Ta yi shekara goma tana ɓoye cikin tsumma a matsayin baiwar madafa a gidan ubanta. Ita ce sarauniya Ramoth ta zaɓa. Jaxom kuwa yaro ne da ya ga wani ɗan ƙaramin ƙwai an yi watsi da shi, ya taimaka ya fasa ɓawon, sai ga farin diragon ɗan ƙarami da kowa ya ce ba zai rayu ba. Shi ne Ruth, kuma a ganina babu halittar da masu karatu suka ƙaunata a jerin kamarsa.

Abin da ya ba wannan zumunci nauyi shi ne tsadarsa. Idan mahayi ya mutu, diragon ɗinsa yana shiga tsakani nan take, ba ya dawowa, sauran kuma su ɗauki kukan makoki. Idan diragon ne ya mutu ya bar mahayi, mutumin yakan zama kamar rabin mutum. Lytol, wanda ya riƙi Jaxom, haka ya rayu, yana aikinsa da gaskiya amma raunin bai taɓa warkewa ba. Mai karatun da ya san kaɗaici, ko ya taɓa rasa wanda ya fahimce shi ba sai ya yi bayani ba, ba ya karanta waɗannan shafuka da busasshen ido. Na yi imani wannan ne sirrin, fiye da wuta da fuka-fukai.

Me ya sa mutane da yawa ke ambaton Menolly, alhali ba ta da diragon?

Saboda ta ƙofarta suka shigo. Tsakanin 1976 da 1979 McCaffrey ta fitar da littattafai uku don matasa: Dragonsong, Dragonsinger da Dragondrums. Menolly yarinya ce a wani garin masunta, Allah ya ba ta baiwar waƙa, mahaifinta kuma ya hana ta don a ganinsa kiɗa ba aikin mace ba ne. Ta yanke hannu wajen gyaran kifi, aka bar raunin ya warke a murɗe. Ta gudu ta zauna a kogo a bakin teku, a can ta ciyar da 'yan ƙadangarun wuta, ƙananan dangin diragon, har tara suka maƙale mata. Daga ƙarshe shugaban makaɗa, Robinton, ya gano cewa ita ce mai waƙoƙin da yake nema.

Makaɗa a Pern ba masu nishaɗi kawai ba ne. Su ne malaman yara, su ne masu kai labari, su ne ke adana tarihi a cikin waƙa don kada a manta da Zare. Yaron da aka taɓa gaya masa cewa abin da ya iya ba shi da amfani yana ganin kansa a Menolly. A 1999 ƙungiyar ɗakunan karatu ta Amurka ta ba McCaffrey kyautar Margaret A. Edwards saboda rubutunta ga matasa.

Labarin sihiri ne ko na kimiyya?

Marubuciyar ta dage cewa na kimiyya ne, kuma babu sihiri a cikinsa. Dragonsdawn na 1988 ya nuna cewa mutanen Pern sun zo ne daga duniyarmu cikin jiragen sama jannati, Zare ya faɗo musu ba shiri, sai wata masaniyar ƙwayoyin halitta mai suna Kitti Ping ta ƙirƙiro diragon daga ƙadangarun wuta. Jikokinsu suka manta da wannan duka. A All the Weyrs of Pern na 1991 suna aiki ne da wata tsohuwar kwamfuta ta kakanninsu da suka tono. A kantin littattafai dai sau da yawa a sashen labaran almara za ka same su, saboda diragon ɗin da ke bango.

Ta yaya masoyan ke nuna wannan ƙauna?

Suna shiga cikin duniyar su zauna. Tun kafin intanet akwai ƙungiyoyin da suka kafa nasu sansanonin a takarda, kowa ya ƙirƙiri mahayinsa da diragon ɗinsa, suna aika wa juna labarai ta gidan waya. A farkon shekarun 1990 abin ya koma wasannin rubutu a intanet, inda mutum zai yi watanni yana jiran ranar ƙyanƙyasa don ya ga ko za a zaɓe shi. Suna kiyaye ƙa'idojin suna: sunan diragon yana ƙarewa da "th", sunan mahayi namiji kuma ana gajarta shi, kamar F'lar da F'nor. Suna haɗa nasu klah, abin shan da mutanen Pern ke karyawa da shi. Karen Wynn Fonstad ta zana littafin taswirorin Pern a 1984, an kuma sanya wa waƙoƙin da ke cikin littattafan kiɗa an rera su. A taron Dragon Con na birnin Atlanta an daɗe ana ware wa masoyan Pern nasu zama.

McCaffrey ta yi shekaru tana tsaurara doka kan rubuta labarai da halittunta, har wasu suka ji haushi, sai a 2004 ta sassauta.

Littattafan ba su da aibi ne?

Suna da shi, kuma masoyan gaskiya ba sa ɓoyewa. Idan sarauniya ta tashi barbara, abin da diragon ke ji yana mamaye mahayansu har zaɓi ya kuɓuce musu, kuma littattafan farko sun wuce wannan ba tare da sun tsaya sun auna nauyinsa ba. F'lar, mahayin da ya zama abokin zaman Lessa, yana yawan kama kafaɗunta yana jijjiga ta idan ransa ya ɓaci, labarin kuma bai ɗauke shi laifi ba. Bayin madafa suna nan a gefe kamar kayan ɗaki. Akwai kuma wuraren da littafi na baya ke saɓa wa na gaba a kan shekaru ko sunaye.

Mutane da dama sun koma karanta su da girma sun ji waɗannan wurare sun tsaya musu a wuya. Ni ma ina ganin kokensu daidai ne. Duk da haka macen da ta rubuta su ita ce ta ɗora mace a tsakiyar labari a 1967, lokacin da mujallun irin wannan adabi cike suke da jarumai maza, kuma Lessa ce ta yi kasadar ratsa shekara 400 zuwa baya ta dawo da sansanoni biyar da suka ɓace. Wanda zai ba matashi littattafan, ya fara ba shi na Menolly, ya ajiye sauran sai ya ƙara hankali.

Jerin ya tsaya da rasuwarta?

Bai tsaya nan take ba. Ɗanta Todd ya fara rubutu tare da ita da Dragon's Kin a 2003, ya kuma rubuta wasu shi kaɗai. 'Yarta Gigi ta fitar da Dragon's Code a 2018. Ra'ayin masoya ya rabu a kan waɗannan. Wasu na murna da kowace dama ta komawa Pern, wasu kuma sun ce muryar ba ita ba ce, sun tsaya a The Skies of Pern na 2001.

An yi fim ɗinsu?

Ba a yi ba. An yi yunƙuri fiye da sau ɗaya, har wani shirin talabijin ya kusa fara ɗauka a farkon shekarun 2000 sannan ya rushe.

Da wanne sabon mai karatu zai fara?

Shawarata ya bi su yadda aka buga su, kada ya bi tarihin cikin labarin. Ya fara da Dragonflight, ko da Dragonsong idan yana son shiga a hankali. Kada ya fara da Dragonsdawn ko da yake shi ne farkon tarihin, domin daɗinsa yana ga wanda ya riga ya san sunayen garuruwa da al'adu, sai ya ga inda kowanne ya samo asali.

Bayan ya gama shida na farko, ya ɗauki Moreta na 1983. Tun a littattafan baya zai ji yara suna rera waƙar wannan mata da ta rayu ɗaruruwan shekaru kafin Lessa. A nata littafin annoba ce ta faɗa wa Pern, ta kwantar da mahaya har aka rasa masu tashi sama, ita kuma ta ari wata tsohuwar sarauniya ta yi ta zagaya ƙauyuka tana kai allurar rigakafi cikin yini guda, har gajiya ta cim musu su biyun. Mai karatu ya san ƙarshen tun daga waƙar, amma yana buɗe shafi yana fatan a wannan karon za ta dawo gida.