Me ɗalibin sakandare a Amurka ke koya game da gwamnati da 'yancinsa?

Wa ke tsara darasin?

Jihohi ne. Kowace da manhajarta, shi ya sa wata jiha zango ɗaya kawai ta ware masa, wata kuwa shekara guda cur.

Me ke cikinsa?

Tsarin mulkin da aka rubuta a Filadelfiya a 1787, da gyare-gyare goma na farko da aka amince da su a 1791, masu kare 'yancin addini da faɗin albarkacin baki da na 'yan jarida. Sai rabon iko tsakanin shugaban ƙasa, da majalisa mai sanatoci 100 da wakilai 435, da Kotun Ƙoli mai alƙalai 9.

To shi ɗalibin, yana da 'yanci a cikin makaranta?

Nan ne darasin ke armashi, domin yara irinsu ne suka jawo shari'o'in. A Disamba 1965, Mary Beth Tinker, 'yar shekara 13 a birnin Des Moines na jihar Iowa, ta ɗaura baƙin ƙyalle a damtse don nuna ƙin yaƙin Biyetnam. Makaranta ta dakatar da ita. Magana ta kai Kotun Ƙoli, inda a 1969 alƙalai 7 suka ce ɗalibi ba ya ajiye 'yancinsa a bakin ƙofar makaranta, 2 suka saɓa. Tun a 1943 ma kotun ta hana tilasta wa yaro sara wa tuta, bayan ƙarar iyalan Shaidun Jehobah.

Amma da iyaka. A 1985 kotun ta ce hukumar makaranta na iya caje jakar ɗalibi ba takardar kotu, muddin akwai dalilin zargi mai ma'ana.

Akwai jarrabawa?

A wasu jihohi. Arizona ce ta fara a 2015, ta ce sai ɗalibi ya ci tambayoyin da ake yi wa baƙi masu neman zama 'yan ƙasa kafin ya karɓi takardar kammalawa. Ni dai a ganina wannan ya yi kaɗan. Yaro na iya haddace adadin sanatoci tsaf, amma ya kasa cewa uffan ranar da aka hana shi magana ba bisa ƙa'ida ba. Gara a raba aji gida biyu, a ba su shari'ar Tinker su yi muhawara.

Me ya sa a sakandare?

Dalili ɗaya shi ne, gyara na 26 da aka yi wa tsarin mulki a 1971 ya rage shekarun jefa ƙuri'a daga 21 zuwa 18, kuma 'yan ajin ƙarshe da dama sun riga sun kai.