Tafarnuwa da bakteriyar hanji

Tafarnuwa, wadda masana tsirrai ke kira Allium sativum, ƴar'uwar albasa ce, asalinta tsakiyar Asiya. A Nijar lambunan duwatsun Ayar ne suka yi suna wajen nomanta, daga can take gangarowa a buhuna zuwa Tawa da kasuwannin Yamai irin su Katako. Aikinta a cikin ciki ya rataya ne a kan sinadarai biyu da ba su jan igiya ɗaya: alisin mai kashe bakteriya (ƙananan halittun da ido ba ya gani), da furuktan, wani dangin sukari mai ciyar da su.

Babu alisin a ƙwayar da ba a fasa ba. Sai an daka ko an tauna ta, wani sinadarinta mai suna aliyin ya gamu da wani enzayim (sinadarin da ke sarrafa shi) da ke ɓoye a wani sashen ƙwayar, sannan alisin ya samu, warin nan mai hawa ka ya tashi. Chester Cavallito da John Bailey ne suka fara ware alisin a Amurka a 1944. Zafi yana kashe enzayim ɗin, shi ya sa ƙwayar da aka jefa sukutum a tukunya kusan ba ta ba da komi ta wannan fanni. Wadda aka kirɓa a turmi da barkono, aka bar ta kamar minti goma kafin ta shiga mai, ta fi riƙe ƙarfinta.

Furuktan kuwa bai cika damuwa da wuta ba, kuma shi ne mafi yawan abin da ke saura in an busar da tafarnuwa. Ƙaramin hanji ba ya narkar da shi. Yana wucewa babban hanji, inda bakteriya irin su Bifidobacterium ke cinye shi, a samu wasu ƙananan sinadaran asid, ciki har da butiret, abincin bangon hanjin. Wasu daga cikinsu na da hannu wajen daidaita sukari da kitse a jini. Iska ma daga nan take fitowa: mai laulayin hanji yakan sha kumburi da kukan ciki bayan miyar da ta ji tafarnuwa.

Yawancin shaidar cewa tana sauya bakteriyar hanji har ta rage ƙiba daga ɓeraye aka samo ta. A jikin mutane abin ya fi sanyi. Gwaje-gwaje sun nuna ƙwayoyin maganin tafarnuwa na ɗan sauko da hawan jini, amma a 2007 jami'ar Stanford da ke Amurka ta gwada ɗanya da ta magani a kan mutum 192 tsawon wata shida, mugun kitsen jini bai ragu ba. Masu tallarta a matsayin maganin ciwon sukari sun wuce gona da iri.

Cin ta da yawa yana tsinka jini, don haka likitoci ke gargaɗin masu shan warfarin (maganin hana jini daskarewa) da masu shirin tiyata.