Waiwaye: Yadda tsiron cikin bututu na wasan Mario ya shiga sahun mayaƙan Super Smash Bros.

Ranar 1 ga Nuwamba, 2018, saura 'yan makonni wasan Super Smash Bros. Ultimate, wasan faɗa da ke gwabza taurarin wasannin bidiyo daban-daban, ya fito kasuwa, kamfanin Nintendo na ƙasar Japan ya yi shirinsa na ƙarshe na bayyana mayaƙan da za su kasance a ciki. An nuna Ken na Street Fighter, an nuna Incineroar na Pokémon, masu kallo suka ɗauka zance ya ƙare. Can kusa da ƙarshen shirin sai ga wani jan tsiro mai fararen ɗige-ɗige da haƙora zaƙo-zaƙo, zaune cikin tukunyar shuka, ya kai wa Mario cafka. Piranha Plant ke nan, mayaƙi mai lamba 70. Wasu suka fashe da dariya, wasu ransu ya ɓaci, musamman masoyan Waluigi, wani ɗan wasa na wasannin Mario, da suka shekara suna roƙon a saka gwaninsu, aka sake barin sa a matsayin ɗan taimako da ake kira ya yi 'yan daƙiƙu ya ɓace.

Tarihin wannan tsiro ya faro ne daga Super Mario Bros. na 1985, wanda Shigeru Miyamoto da Takashi Tezuka suka jagoranci ƙirƙirarsa. Duk wanda ya taɓa riƙe hannun wasan nan na kaset a lokacin yarinta ya san shi: a mataki na 1-2, cikin duhun ƙarƙashin ƙasa, yake fara leƙowa daga koren bututu, ya buɗe baki ya rufe, ya koma. Ba ya tafiya, ba ya bin kowa. Aikinsa ɗaya ne, ya koya wa mai wasa haƙuri. Cikin sauran abokan gaban Mario, Goomba ana take shi, Koopa mai kama da kunkuru ana take shi a shure ƙoƙonsa, amma wannan in ka faɗa kansa kai ne za ka ji jiki. Yana da ladabi guda: in Mario ya tsaya a jikin bututun ko a kansa, ba zai fito ba. A ci gaban wasan da ya fito a Japan a 1986 aka kawo jajaye waɗanda suka rage wannan kunya, ko kana jingine da bututu sai su fito.

Daga nan zuri'ar ta yi ta yaɗo. Super Mario Bros. 3 na 1988 ya kawo masu tofa wuta, da Ptooie mai hura ƙwallon ƙaya sama yana riƙe da ita da iskar bakinsa, da 'yan ƙananan Nipper masu tsalle. A Super Mario 64 na 1996 an same su suna sharar barci, sai ka yi sanɗa ka wuce ko ka kai musu naushi kafin su farka. Paper Mario ya zo da masu fesa numfashin guba. A 2002 kuma Super Mario Sunshine ya fito da babbansu, Petey Piranha, ƙato mai ƙafafu da ɗan kamfai, wanda aka ba suna da hali nasa.

Shi kuwa Super Smash Bros. a 1999 ya fara, a na'urar Nintendo 64, ƙarƙashin Masahiro Sakurai, da mayaƙa 12 kacal, kusan dukkansu taurarin wasanninsu: Mario, Link, Samus, Kirby, Pikachu da sauransu. Abin da mutane da yawa ke mantawa shi ne tsiron yana nan tun wannan fitowa ta farko. A filin Mushroom Kingdom yakan leƙo daga bututu ya ciji duk wanda ya yi sakaci. Wato kayan fili ne, ba ɗan wasa ba. A Super Smash Bros. Brawl na 2008 Petey ya samu ƙarin girma, ya zama shugaban abokan gaba na farko a labarin wasan, riƙe da gimbiyoyi Peach da Zelda cikin keji biyu, mai wasa ya zaɓi wadda zai ceta. Duk da haka babu wanda ya iya sarrafa shi.

A ganina masu fushin 2018 sun manta halin Sakurai ne. Tun da can yana son jefa baƙon ido cikin taron gwaraza. A Super Smash Bros. Melee na 2001 ya saka Mr. Game & Watch, baƙin mutum shafal kamar inuwa. A Brawl ya saka R.O.B., wanda asalinsa mutum-mutumin roba ne da ake sayarwa tare da NES, tsohuwar na'urar wasan Nintendo. A 2014 ya kawo mai koyar da motsa jiki ta Wii Fit da karen wasan Duck Hunt. Bambancin Piranha Plant shi ne ba mutum ɗaya ba ne, ba shi da labari, ba shi da buri. Talakan soja ne cikin dubban irinsa, kamar a ce an je gasar dambe an tarar da ɗan share fage ya ɗaure hannu.

Kuma a nan ne dabarar take. Da yake ba shi da tarihin kansa, sai aka ɗora masa tarihin danginsa gaba ɗaya. Ƙwallon ƙayar da yake hurawa ta Ptooie ce. Hayaƙin gubar da yake tarawa ya fesa daga Paper Mario aka aro. Yana lafewa cikin tukunya ya miƙo wuya da nisa ya kai sara, yana kaɗa ganyensa kamar farfela ya dawo fili in an jefa shi waje. Babban bugunsa na ƙarshe kuwa Petey ne da kejinsa biyu, daidai yadda ya bayyana a Brawl. Har tsohuwar dokar nan ta 1985 ba a bari ba: in yana tsugune ka ce za ka taka kansa ka yi tsalle, cizo za ka sha. A wasu kayansa ma tukunyar kan koma bututu. Sai dai yana da nauyi, ba shi da sauri a iska, don haka a manyan gasanni ba kasafai ake ganin sa a sama ba. Masu riƙe shi da tarko da jira suke cin abokan karawa, ba da gaggawa ba.

Wasan ya fito ranar 7 ga Disamba, 2018, a kan Nintendo Switch, amma tsiron bai iso ba sai ƙarshen Janairun 2019. Kyauta aka ba da shi ga duk wanda ya yi rajistar wasansa kafin ƙarshen watan, daga baya aka koma sayar da shi daban. Shi ne ya buɗe ƙofar mayaƙan ƙari, kafin Joker na Persona 5, da Banjo da Kazooie, da Steve na Minecraft, har zuwa Sora na Kingdom Hearts da ya rufe jerin a Oktoban 2021 da jimillar mayaƙa 89.

Nintendo ba ta tsaya nan ba. A Super Mario Bros. Wonder na 2023 tsirran sun bar bututunsu suna fareti suna rera waƙa, a Mario Kart World na 2025 kuma Piranha Plant na cikin direbobin da ake zaɓa, tare da Goomba da wata saniya da a da tsallaka titi kawai take yi.