Waiwaye: Yadda ake nemo wa tumbi garkuwa daga barasa a jikin 'ya'yan itatuwa

Tun kafin a ƙera na'urar leƙa ciki, akwai likitan da ya ga abin da barasa ke yi wa tumbi da idonsa. A 1822, bindiga ta tashi bisa kuskure ta sami wani matashi mai suna Alexis St. Martin a tsibirin Mackinac na Amurka. Ya rayu, amma raunin ya warke ya bar masa kafa har cikin tumbi. Likitan soja William Beaumont ya shafe shekaru yana leƙawa ta wannan kafa, kuma a bayanan da ya wallafa a 1833 ya rubuta cewa duk lokacin da St. Martin ya sha ya yi tatul, bangon tumbinsa kan yi jawur da tabo-tabo, sai ya huta kwanaki ya koma daidai.

An daɗe ana ɗora laifin gyambon ciki kan ruwan asid kaɗai. Sai a 1979 wani mai bincike, André Robert, ya nuna cewa sinadarin furostagilandin, wanda jiki ke samarwa da kansa, ko da an ba ɓera ɗan kaɗan wanda bai isa ya rage asid ba, yana hana tsantsar barasa yi wa tumbi kaca-kaca. Wato tumbi yana da nasa matakan tsaro: majinar da ke lulluɓe shi, da jinin da ke zagayawa ƙarƙashinsa. Barasa kuwa tana narkar da majinar nan, ta kutsa, ta lalata ƙananan jijiyoyin jini, ta kuma tayar da gurɓatattun sinadaran iskar oksijin masu cinye fatar ƙwayoyin halitta. Duk wannan cikin mintuna.

Wannan gwaji na Robert ya zama ma'auni. A hana ɓera abinci, a ɗura masa barasa, bayan kamar awa ɗaya a buɗe tumbin a auna jajayen layukan da suka fito. Mai sauƙi ne, ba tsada, shi ya sa kusan duk wanda ke da wani tsiro a hannu yake gwada shi a kai.

Nan 'ya'yan itatuwa suka shigo. A 2005 masu bincike a Italiya suka nuna cewa sinadaran folifenol (waɗanda ake samu a tsirrai) na tuffa suna kare ƙwayoyin tumbin ɗan Adam da aka raina a ɗakin gwaji, kodayake a ɓerayensu maganin ciwo suka yi amfani da shi wajen jawo raunin, ba barasa ba. Wanda ya fi yin tashe shi ne na 2011 a mujallar PLoS ONE, inda ayarin mai bincike Maurizio Battino ya ba ɓeraye ruwan sitiroberi da aka tace, miligiram 40 kan kowane kilo na nauyin jiki, kullum har kwana 10, kafin a ɗura musu barasa. Raunin ya ragu ƙwarai, kuma sinadaran jiki masu share guba sun ƙara himma. Ana kyautata zaton antosiyanin, wanda ke ba ɗan itacen jan launinsa, na da hannu a ciki.

Sai dai kanun labarai, masu nuna kamar sitiroberi zai kare tumbin mai shan barasa, sun fi binciken zaƙewa. Ɓera ba mutum ba ne, kuma an ba shi ruwan sitiroberin ne kwanaki kafin ɓarnar, ba bayanta ba. Tsantsar barasar da aka ɗura masa sau ɗaya ma ba ta yi kama da shan shekara da shekaru ba. Tumbi kaɗai ake aunawa, ba hanta ko maƙogwaro ba, alhali tun 1988 hukumar binciken sankara ta duniya ta sanya barasa cikin abubuwan da aka tabbatar suna haddasa ciwon daji.