Taron dangin rage maki a kan wasannin talabijin

Taron dangin rage maki shi ne dubban mutane su yi wa wani shiri rubdugu a shafukan da masu kallo ke ba da maki, kowa ya danna mafi ƙarancin maki cikin 'yan kwanaki, saboda wani abu a labarin ya ɓata musu rai, ko da ba su kalli shirin ba. An fi yin sa a IMDb, inda maki ke tashi daga 1 zuwa 10 kuma ba a neman shaidar cewa mutum ya kalla, sai Rotten Tomatoes da Metacritic. A shekarun baya-bayan nan, nuna soyayyar jinsi ɗaya na cikin manyan abubuwan da ke tayar da wannan ƙura.

Misalin da ya fi shahara shi ne kashi na uku na shirin The Last of Us na tashar HBO, wanda aka nuna ranar 29 ga Janairun 2023. Kashin ya bar manyan jaruman labarin a gefe, ya bi rayuwar maza biyu, Bill da Frank, tun haɗuwarsu har mutuwarsu. Masu sharhi a jaridu sun yaba masa, Nick Offerman da ya fito a matsayin Bill ya ci kyautar Emmy ta shirye-shiryen talabijin a Janairun 2024, amma makin kashin a IMDb ya sauka ƙasa da na sauran da suka gabace shi. Ba duk mai ƙorafi ne ya yi don addini ko al'ada ba, domin wasu kukansu shi ne an kauce wa labarin wasan bidiyon da aka ɗauko shirin daga gare shi. Illar rubdugun ke nan: ya cuɗa waɗannan dalilai wuri ɗaya, har lambar ta daina faɗin komai game da ingancin aikin.

A Saudiyya maganar abin da ake nunawa a irin waɗannan shirye-shirye ta wuce hannun masu kallo. A Satumban 2022 hukumar kula da kafofin sauti da hoto ta ƙasar, tare da kwamitin ƙasashe shida na yankin Gulf, ta nemi Netflix ya cire abubuwan da suka saɓa wa koyarwar Musulunci, musamman a shirye-shiryen yara, ta kuma yi barazanar ɗaukar matakin shari'a. Kafin nan, a Yunin shekarar, an hana nuna fim ɗin katun mai suna Lightyear a sinimomin ƙasar saboda sumbar mata biyu. Magidanci Bahaushe a Jidda ko Makka, wanda 'ya'yansa ke kallo a waya da fassarar Larabci, tambayarsa ita ce ko shirin na kallon iyali ne, kuma wannan tambaya bayanin iyakar shekaru ne ke amsa ta, ba yawan maki ba.

Shafukan ba da maki sun yi ƙoƙarin toshe ƙofar taron dangi. A 2019 Rotten Tomatoes ya hana sharhi kafin fim ya fito, ya kuma ware makin waɗanda aka tabbatar sun sayi tikiti, a 2020 kuma Metacritic ya sa jiran sa'o'i 36 kafin a ba sababbin wasannin bidiyo maki. Tikiti ba ya aiki a shirin da ake kallo a gida. IMDb yana auna ƙuri'u da wani lissafi da bai bayyana ba, yana kuma nuna yadda makin ya rarrabu, ta yadda mai dubawa zai gane shirin da aka yi wa taron dangi: ƙuri'u sun taru a 1 da 10, tsakiya kuwa kusan fayau.