Joseph de Maistre (1753–1821)

Joseph de Maistre masanin falsafa ne, alƙali kuma jakada ɗan ƙasar Savoy, wanda ake sanya shi a sahun gaba cikin marubutan da suka yi wa juyin juya halin Faransa na 1789 raddi da alƙalami. An haife shi a garin Chambéry ranar 1 ga Afrilu, 1753, ya rasu a birnin Turin ranar 26 ga Fabrairu, 1821. Ginshiƙin tunaninsa shi ne cewa mulki mai ɗorewa tsiro yake yi a hankali cikin tarihin al'umma bisa ikon Allah, mutane ba su iya zama su ƙaga shi a takarda, kuma ba ya tsayawa da ƙafarsa sai da addini da wata hukuma wadda ba a ɗaukaka ƙara a kan hukuncinta. Da Faransanci ya yi dukan manyan rubuce-rubucensa, kuma sarautar Faransa ya fi karewa, amma bai taɓa zama talakan sarkin Faransa ba, domin a zamaninsa Savoy tana ƙarƙashin sarkin Sardiniya mai fada a Turin, ba ta zama yankin Faransa na dindindin ba sai a 1860.

Tasowarsa

Mahaifinsa, François-Xavier Maistre, babban alƙali ne a Majalisar Savoy, wadda babbar kotu ce duk da sunan majalisa da take ɗauke da shi, kuma sarki ya ba shi sarauta saboda aikin da ya yi wa shari'ar ƙasar. Joseph ya karanta shari'a a Jami'ar Turin, ya shiga aikin kotu a 1774, ya yi ta hawa har ya zama ɗan wannan majalisa kamar ubansa. A 1786 ya auri Françoise-Marguerite de Morand, suka haifi 'ya'ya uku. Ƙanensa Xavier ma ya yi suna a rubutu, ya kuma yi aikin soja a Rasha.

Abubuwa biyu na ƙuruciyarsa sun cancanci a ambace su. Tun yana matashi ya shiga wata ƙungiyar ibada ta Katolika a Chambéry wadda ɗaya daga cikin ayyukanta shi ne zama da waɗanda aka yanke wa hukuncin kisa a sa'o'insu na ƙarshe. Sannan daga 1774 har zuwa wajen 1790 ya kasance ɗan ƙungiyar asiri ta Freemason, ko da yake Paparoma ya haramta wa mabiya cocin shigarta tun 1738. Reshen da ya fi karkata gare shi na masu neman ilimin ɓoye ne, masu ganin cewa a bayan duk abin da ke faruwa a fili akwai wata ma'ana ta ruhi, kuma wannan kallo bai rabu da shi ba ko bayan da ya bar ƙungiyar.

Hijira da littafin farko

Da farko Maistre bai ƙi gyara ba, har ya goyi bayan kiran taron wakilan ƙasa da sarkin Faransa ya yi. Abin da ya biyo baya ne ya juya masa ra'ayi, kuma littafin da Edmund Burke na Ingila ya fitar a 1790 yana sukar juyin ya ƙara masa ƙarfin gwiwa. A watan Satumba na 1792 sojojin Faransa suka mamaye Savoy. Maistre ya ƙi yin mubaya'a ga sabuwar hukuma, aka ƙwace masa dukiya, ya yi hijira zuwa Lausanne ta ƙasar Suwizalan a 1793, ya bar 'yarsa ta ƙarshe, Constance, tana jaririya. Bai sake sa ta a ido ba sai a 1814.

A Lausanne ya rubuta Considérations sur la France, wato nazari a kan Faransa, wanda ya fito a 1797 ya kuma fitar da sunansa. Sauran 'yan gudun hijira masu goyon bayan sarauta suna ganin juyin a matsayin makircin wasu 'yan tsiraru. Shi kuwa ya ɗauke shi a matsayin horo daga Allah a kan ƙasar da aka ɗora wa jagorancin Kiristocin Turai ta yi wasa da amanar, kuma bai keɓe manyan gida da malaman coci daga laifin ba, tunda su ma sun rungumi falsafar Voltaire da Rousseau. A ganinsa mutanen da ke zaton su ke jan ragamar juyin, juyin ne ke jan su, yana amfani da su yana yar da su ɗaya bayan ɗaya. Ya kira juyin da abu mai halin Shaiɗan, amma ya yarda cewa 'yan juyin masu tsananin ra'ayi ne suka hana sarakunan Turai yayyaga Faransa su raba ta, don haka sun yi wa sarauta aiki ba da saninsu ba. Wannan magana ba ta yi wa 'yan hijira da yawa daɗi ba.

A cikin littafin ne ya yi shahararriyar maganarsa game da tsarin mulkin Faransa na 1795, wanda ya ce an yi shi ne domin "mutum", alhali shi a rayuwarsa ya ga Faransawa da Italiyawa da Rashawa, ya ma ji cewa mutum na iya zama Bafarishe, amma "mutum" zalla bai taɓa gamuwa da shi ba. Manufarsa ita ce dokar da aka tsara domin ta dace da kowace al'umma ba ta dace da ko ɗaya ba. Ya yi hasashen cewa sarauta za ta dawo ba tare da zubar da jini mai yawa ba, kuma ya ce dawowar ba za ta zama wani juyin da ke fuskantar baya ba, kishiyar juyi za ta zama. An mayar da gidan Bourbon, wato tsohon gidan sarautar Faransa, kan gadon sarauta a 1814, abin da ya sa masoyansa suka riƙa yi masa kallon mai hangen nesa. Ba kowane hasashensa ne ya tabbata ba: a cikin littafin nan dai ya yi iƙirarin cewa babban birnin da Amurkawa ke shirin ginawa ba zai ginu ba, ko ba za a kira shi Washington ba, ko kuwa majalisarsu ba za ta zauna a cikinsa ba.

Shekarun Rasha

Bayan ɗan zama a Turin da Venice, da aikin shugabancin shari'a a tsibirin Sardiniya, sarkinsa ya tura shi jakada zuwa fadar Sarki Alexander na Ɗaya a Saint Petersburg a 1803. Jakadan sarkin da Faransa ta ƙwace wa mafi yawan ƙasarsa ne, albashinsa kaɗan, iyalinsa kuma suna nesa, sai dai iya zance da faɗin karatu sun buɗe masa ƙofofin manyan birnin. Shekara goma sha huɗu ya yi a can, kuma a cikinsu ya rubuta mafi yawan abin da ake tunawa da shi. Ya shawarci hukumomin Rasha da su yi hattara da koyar da kimiyyar zamani barkatai, da kuma gaggawar 'yantar da manoman da ke ɗaure da gonakin iyayen gijinsu, yana tsoron kada a kwance mutane kafin addini ya riƙe su. A wata wasiƙa ta 1811 ya rubuta cewa kowace al'umma tana samun irin gwamnatin da ta cancanta, maganar da ta yaɗu a duniya fiye da sunan mai ita. Kusancinsa da limaman ƙungiyar Jesuit ta cocin Katolika, da zargin cewa yana da hannu wajen komawar wasu manyan Rashawa ɗariƙar Katolika, su suka ɓata tsakaninsa da fada. An kori limaman daga babban birnin, shi kuma ya bar Rasha a 1817.

Tsarin mulki da matsayin Paparoma

A maƙalarsa kan tushen tsare-tsaren mulki, wadda ya rubuta a 1809 aka buga a 1814, ya kafa hujja da cewa mafi muhimmancin dokokin kowace ƙasa ba a rubuce suke ba, kuma abin da ake rubutawa bayyana haƙƙoƙin da suka riga suka kafu ne kawai. Yawan rubutu a wurinsa alamar rauni ce, domin ba a rubuta abu sai an fara jayayya a kansa. Ingila ce babban misalinsa, ƙasar da tsarinta ya ginu cikin ƙarnuka ba tare da wani ya zana shi tun farko ba.

Littafinsa Du Pape, wato game da Paparoma, ya fito a 1819. Hujjarsa a ciki ta alƙali ce fiye da ta malamin tauhidi. Ya ce a kowace hukuma dole a sami inda shari'a ke ƙarewa, kuma wanda hukuncinsa ba a ɗaukaka ƙara a kansa, a aikace daidai yake da wanda ba ya kuskure, saboda haka kariya daga kuskure a fagen addini da cikakken iko a fagen mulki abu ɗaya ne da suna biyu. Daga nan ya nemi a ɗauki Paparoma a matsayin mai shiga tsakanin sarakuna da talakawansu, domin a sami hanyar taka wa azzalumin sarki burki ba tare da tawaye ba. Ya soki 'yan Furotesta da cewa barin kowa ya fassara littafi mai tsarki da ra'ayinsa shi ne asalin ruhin tawaye, ya kuma soki malaman cocin Faransa da suka taƙaita ikon Paparoma a sanarwarsu ta 1682. Fadar Paparoma ta karɓi littafin da ɗari-ɗari, amma ya ƙarfafa masu neman a tattara ikon coci a Roma, kuma a 1870 babban taron Vatican na farko ya tabbatar da aƙidar kariyar Paparoma daga kuskure, cikin iyakokin da suka fi na Maistre ƙunci.

Hirarrakin Saint Petersburg

Les Soirées de Saint-Pétersbourg, wanda aka buga a 1821 bayan rasuwarsa, hira ce goma sha ɗaya tsakanin mutum uku: wani basarake mai magana da bakin marubucin, wani dattijon majalisa Barashe, da wani matashin Bafaranshe. Tambayar da suke juyawa tsohuwa ce, wato me ya sa mutumin kirki ke shan wahala mugu yana jin daɗi. Amsar Maistre ta dogara ga aƙidar zunubin asali, cewa babu wanda yake da cikakken tsarki, da kuma ra'ayinsa cewa wahalar marar laifi tana iya zama fansa ga mai laifi, kamar yadda yake kallon kisan Sarki Louis na Sha Shida a 1793.

Shafuka biyu na littafin sun fi sauran tayar da ƙura. A hira ta farko ya siffanta hauni, wato mai zartar da hukuncin kisa, mutumin da kowa ke ƙyama ba mai son zama kusa da gidansa, ya ce duk da haka a kansa zaman lafiyar jama'a ya rataya, in aka cire shi gari ya watse. A hira ta bakwai ya kira yaƙi abu mai asali daga hukuncin Allah, ya kwatanta duniya da bagadin hadaya wanda jini ba ya bushewa a kansa. Masu karanta waɗannan shafuka su kaɗai sukan ɗauka mutum ne mai son jini, alhali wasiƙunsa ga iyalinsa suna nuna uba mai taushin zuciya da barkwanci. Gaskiya ne kuma cewa ya rubuta wasiƙu yana kare kotun binciken aƙida ta Sifaniya, kuma wannan kariya ta fi komai wahalar wankewa a cikin ayyukansa.

Ƙarshen rayuwa da tasirinsa

A hanyarsa ta komawa gida a 1817 ya yi 'yan makonni a Paris, ya isa Turin inda aka ba shi muƙamin minista da shugabancin ma'aikatar shari'a, muƙamai masu girma amma marasa tasirin da ya so. An binne shi a cocin Shahidai Tsarkaka na 'yan Jesuit a birnin.

Tare da Louis de Bonald, wanda suka yi musayar wasiƙu, ana ɗaukar sa uban ra'ayin riƙau na Katolika a nahiyar Turai, kuma tasirinsa ya bayyana a rubutun marubuta irin su Lamennais na Faransa da Donoso Cortés na Sifaniya, daga baya kuma Charles Maurras na Faransa da Carl Schmitt na Jamus. Abin lura shi ne waɗanda ba su yarda da addininsa ba ma sun ɗebi ruwa a rijiyarsa: masanin falsafar Faransa Auguste Comte ya amfana da bayaninsa kan abin da ke haɗa al'umma, mawaƙi Baudelaire ya ce Maistre na cikin mutum biyu da suka koya masa tunani, marubucin Rasha Tolstoy kuma ya karanta wasiƙunsa lokacin da yake rubutu kan yaƙin Rasha da Napoleon. Masanin falsafa Isaiah Berlin, a wata maƙala da aka buga a 1990, ya siffanta shi da mai share fage ga aƙidar farkisanci, wato mulkin kama-karya irin na Mussolini a Italiya, saboda yadda ya fifita iko da tsoro a kan hankali. Masana irin su Richard Lebrun, wanda ya fassara ayyukansa da dama ya kuma rubuta tarihin rayuwarsa, sun ƙi wannan fassara, suna nuni da cewa Maistre ya ƙi mulkin soja, ya ƙi mulkin mutum ɗaya da ba al'ada ko addini da ke taka masa burki, kuma sarautar da ya kare tana da iyakoki waɗanda gwamnatocin kama-karya na ƙarni na ashirin ba su amince da su ba.